Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: A Riƙa Jin Ta Bakin Mai Taɓin Hankali Wajen Miƙa Aikin Jinya

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar wani nasa ya san wani ɗan lokaci da ake yi da sassafe, kafin likita ya zo zagaye. Ma'aikatan jinya da suka kwana a tsaye sukan haɗu da waɗanda suka zo karɓarsu, a buɗe babban littafin nan na rahoto, a bi sunayen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya: wane ya yi barci, wane bai ci abinci ba, wance ta sha maganinta, an yi wa wane allura da ƙarfe biyu na dare. Wannan shi ake kira miƙa aiki. A yawancin asibitocinmu sau uku ake yinsa, watau da safe, da rana, da kuma dare. Ba ya ɗaukar dogon lokaci, amma abin da aka faɗa a cikinsa shi ne jagoran wanda ya karɓi aiki har ya tashi.

A ɗakin masu karaya ko na waɗanda aka yi wa tiyata, sau da yawa a bakin gado ake ƙarasa wannan magana, mara lafiya yana ji, in an yi kuskure ya gyara. Amma a ɗakin masu taɓin hankali al'adar da aka gada a ƙasashe da yawa daban take. A ofis ake zama, a ja ƙofa, a yi maganar mutum yana can waje yana leƙe ta taga. Ba ya sanin abin da aka rubuta a kansa, wani lokaci ma bai san sunan nas ɗin da aka danƙa shi a hannunsa ba.

Mutanen masarautar Daura, daga cikin gari zuwa Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa, idan irin wannan ciwo ya kama nasu har ya fi ƙarfin gida, sukan fara da asibitin da ke kusa, daga nan a tura su Katsina, ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wasu har asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. A kowane ɗaya daga cikin wuraren nan ana miƙa aiki. Abin da muke so mu duba yau shi ne, me zai hana a riƙa kiran mai ciwon a yi maganar tare da shi?

Nauyin kalma ɗaya a littafin rahoto

Ciwon ƙafa ana ganinsa a hoto, zazzaɓi ana auna shi a ga lamba. Ciwon hankali kuwa galibi da kallo da saurare ake gane hawa da saukarsa. Saboda haka kalmar da nas ta zaɓa ta rubuta tana da nauyi ƙwarai. In ta rubuta cewa mutum ya ƙi magani, wadda ta karɓe ta za ta tunkare shi da shirin gardama. In ta rubuta cewa ya tayar da hankali da dare, likita na iya ƙara masa ƙarfin magani da safe. Kalmar za ta bi shi daga aikin dare zuwa na safe, daga na safe zuwa na rana, har ta zama kamar sunansa na yanka.

Ga wani abin da kowane mai jinya ya kamata ya sani. Tsofaffin magungunan taɓin hankali da aka fi amfani da su a ƙasar nan saboda sauƙin kuɗinsu, irin su Largactil da Haldol, suna taimako sosai, sun kuma maido da mutane da yawa cikin iyalinsu, amma suna da nasu illolin. Wani sukan sa jikinsa ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa zuba. Wani wuyansa ya karkace, harshe ya yi nauyi, idanu su juya sama. Wani kuma jiri ya ɗebe shi da zarar ya miƙe tsaye, abin da ya fi tsanani a kwanakin bazara, lokacin da zafin Daura yake busar da maƙogwaro. Akwai kuma wata illa mai ruɗarwa, wadda takan sa mutum ya ji ƙafafunsa ba za su iya natsuwa ba, ya zauna ya tashi, ya yi ta kai da kawowa cikin ɗaki tsakar dare.

To, wanda ya hango shi daga tebur zai ce ciwo ne ya tashi. In aka rubuta haka, aka ƙara masa maganin da ya jawo abin, wahalar sai ta ninka. Alhali kuwa da an tambaye shi, da ya ce tun ranar da aka yi masa allura kaza ƙafafunsa suka hana shi zama. Likita yana da abin yi a kan wannan, ko ya rage magani, ko ya canja shi, ko ya ba da wani da zai sassauta illar. Amma sai labari ya kai masa daidai, kuma wannan irin labari a bakin mai jikin kaɗai yake.

Haka nan wadda aka ce ta ƙi abinci. Mai yiwuwa muryoyin da take ji ne suke gaya mata an sa guba, wannan kuwa alama ce da likita yake bukatar sani. Mai yiwuwa kuma azumi take yi, ko cikinta ya ɗaure kwana huɗu saboda magani, ko kewar jaririn da ta bari a gida ce ta hana ta. Dalili huɗu ke nan, kowane da maganinsa daban, amma a littafi duk jimla guda ce.

Abin da Daura ta gani

Ba sai an kawo wa mutumin Daura misali daga nesa ba game da inda rashin sauraro yake kaiwa. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Jihar Katsina suka shiga wani gidan mari a cikin garin, suka fito da mutum 67, maza manya da yara, daga ɗan shekara 7 zuwa mai shekara 40, da yawansu da mari a ƙafa. 'Yan makonni kafin haka, a watan Satumba, an fito da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna. Yawancin waɗanda aka samu a irin gidajen nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye, ko rashin ji, ko halin da aka kasa gane kansa. Iyayen gyara suke nema. Sai dai daga ranar da aka rufe ƙofa, babu wanda ya sake tambayar na ciki yadda ya kwana.

Kada wani ɗan'uwa ya karanta wannan ya nuna maƙwabcinsa da yatsa. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton wurare 28 da ta ziyarta a jihohi 8 da Abuja, inda ake ajiye masu taɓin hankali. Ta samu ana ɗaure mutane a gidajen mari, da wuraren masu maganin gargajiya, da wuraren gwamnati, har da majami'un Kirista. Ashe laifin na kowa ne, mu ma muna da namu kaso a ciki.

Shekaru da dama dokar da ƙasar nan take aiki da ita a kan wannan ciwo ta Turawan mulki ce, wadda aka kafa a 1916, aka sabunta a 1958. Ita wannan doka tsarewa ta sa a gaba, watau yadda za a raba mai ciwo da jama'a. A farkon watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Cikin haƙƙoƙin da ta ba mai ciwo akwai a rufa masa asirinsa, akwai kuma a sa shi cikin shawarar yadda za a yi masa magani.

Doka a takarda take, sai an sauko da ita cikin ɗakin kwanciya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗin cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200. Mara lafiya zai iya ganin likita na 'yan mintoci a mako, amma nas tana tare da shi dare da rana. Idan har za a sa shi cikin shawarar jinyarsa, wurin da ya fi kusa, wanda kuma ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar na'ura, shi ne lokacin miƙa aiki.

Inda aka gwada

A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan kare marasa lafiya daga kurakuran asibiti, ɗaya daga ciki kuwa a kan miƙa aiki yake, domin an lura a nan ne labari yake yawan zubewa. Hukumar ta ba da shawara a riƙa bin tsari guda wajen ba da rahoto, wanda ake kira SBAR a taƙaice. Matakai huɗu ne: halin da mara lafiya yake ciki yanzu, tarihin ciwonsa, abin da nas ta fahimta, da abin da ya kamata a yi gaba. Ta ce a bar sarari ga mai karɓa ya yi tambaya, a kuma jawo mara lafiya da iyalinsa cikin maganar.

Ƙasar Ostareliya ta ɗauki abin da gaske, ta sa shi cikin ƙa'idodin da ake auna asibitocinta da su tun daga 2013. A ɗakunan ciwon jiki abin bai yi wuya ba. A ɗakunan masu taɓin hankali ne aka yi ta jan ƙafa, ma'aikata suna tsoron tonuwar asiri, da ɓata lokaci, da kuma kada mara lafiya ya ji abin da aka faɗa ya fusata. Sai wani masanin aikin jinya mai suna Michael Olasoji da abokan aikinsa suka je suka tambayi su masu ciwon. Binciken da suka buga a 2018 ya nuna cewa marasa lafiyan sun san ana maganarsu a bayan ƙofa, abin yana damunsu, suna kuma so a yi da su. Bayan an horar da ma'aikata aka fara aiki da sabon tsarin, suka sake komawa suka tambaya. A rahoton da ya fito a 2020 marasa lafiya suka ce yanzu sun san wane nas ne yake kula da su, suna kuma jin an saurari muryarsu. Suka ƙara da gargaɗi, cewa kada abin ya tsaya a gaisuwa kawai, a ba shi lokaci da wurin da ya dace.

A Ingila kuma, wani shehun malami mai suna Len Bowers ya tsara wasu ƙananan matakai guda 10 da aka sa wa suna Safewards, domin rage rikici a ɗakunan masu taɓin hankali. Ɗaya daga cikinsu a kan miƙa aiki yake: duk nas da za ta ba da rahoton mutum, lalle ta faɗi wani abin kirki da ya yi a ranar, in kuma ya yi abin da bai dace ba, ta faɗi abin da take ganin ya jawo. An gwada matakan a ɗakuna 31 na asibitoci 15, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna rikici ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Darasin a fili yake, yadda aka kwatanta mutum ga wanda zai karɓe shi, haka za a riƙe shi.

Kada kuma mu ɗauka wannan tunani baƙo ne a Nijeriya. A shekarar 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari da ya yi suna a duniya. Maimakon a kulle masu ciwo, sai ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane tare da wani ɗan'uwansa, su zo karɓar magani da rana, su koma cikin mutane da dare. Daga baya Lambo ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane tun a wancan zamani shi ne mai taɓin hankali yakan fi saurin farfaɗowa idan an ci gaba da ɗaukarsa mutum cikin mutane.

Yadda za a iya yi a nan

Masu aiki da wannan tsari sukan raba miƙa aiki gida biyu. Kashi na farko a ofis ake yi, gajere, na ma'aikata kaɗai. Nan ake faɗin abubuwan da suka shafi tsaron ɗaki, da labarin da wani ya bayar bisa amana, da abin da likita bai riga ya bayyana wa mara lafiya ba. Kashi na biyu shi ne nas mai tashi da mai karɓa su je wurin kowane mara lafiya tare. Sai a fara tambayarsa ko yana so, domin ba a tilasta wa kowa. Wanda ya ce a ƙyale shi yau, a ƙyale shi, a sake tambayarsa gobe.

A ce misali wani dattijo ne aka kwantar. Nas mai tashi ta ja shi gefe inda na kusa ba zai ji ba, ta ce, "Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki? Ni zan tashi yanzu, ga wanda zai kula da kai har ƙarfe biyu, ga sunansa. Na gaya masa jiya barci bai samu ba sai wajen asuba, tuwon dare ma ba a ci ba. Haka ne, ko akwai gyara?"

Dattijo ya ce, "Haka ne 'yata, amma ba ƙin ci na yi ba. Harshena ne ya yi nauyi tun da aka yi mini allurar nan."

Mai karɓa ya ce, "To Baba, na ji, na kuma rubuta. Zan gaya wa likita kafin a ba da na safe. Akwai abin da kake so a yi maka yau?"

"A kira mini babban ɗana, in ji ko an shigar da geron."

Duka maganar ba ta wuce minti biyu ko uku ba, amma an gano illar magani, an gyara kuskuren littafi, dattijo ya san wanda zai nema in ya ji ba daidai ba, an kuma san damuwar da ta hana shi barci.

Akwai maganar harshe. Da Turanci ake koyar da aikin jinya, da shi ake rubuta rahoto. Amma mai ciwon da aka kawo daga ƙauyukan Baure, ko ta kan iyakar Kongolam daga Jamhuriyar Nijar, Hausa yake ji, wani ma Fulatanci ya fi masa sauƙi. In aka tsaya a kansa ana Turanci ana kallonsa, gara ma a ce a ofis aka yi, domin mutumin da ciwonsa ya riga ya sa masa zargin ana ƙulla masa makirci, ga shi ya ga abin da zai ƙarfafa zarginsa. A rubuta da Turanci in haka doka ta ce, amma a gaban mara lafiya a yi magana da harshen da yake ji.

Inda ake bukatar hattara

Na farko shi ne rufin asiri. Ɗakunan kwanciya na asibitocinmu dogaye ne, gado kusa da gado, ga masu jinya zaune a tabarma. Garuruwanmu kuma kowa ya san kowa. Kalma ɗaya da aka faɗa da ƙarfi a kan wata budurwa za ta riga ta isa unguwarsu, ta ɓata mata aure, har ta shafi ƙannenta. Saboda haka maganar yunƙurin kashe kai, ko shaye-shaye, ko abin da ya faru tsakanin miji da mata, ba a bakin gado ake yinta ba. A nemi ɗan ɗaki ko inuwa a gefe. Inda babu, a tsaya ga gabatar da mai karɓa, da tambayar barci, da abinci, da illar magani, a bar sauran sai an keɓe.

Na biyu shi ne kunya da ladabi irin namu. An tarbiyyantar da mu cewa ba a gyara wa babba magana, mai farin kaya a asibiti kuwa babba ne. In nas ta ce "haka ne?", da yawa za su ce "haka ne" ko da ba haka ba ne. Matar aure ba za ta faɗi damuwarta a gaban surukarta ba, saurayi ba zai faɗi tasa a gaban mahaifinsa ba. Dole mai tambaya ya iya tambaya, ya ɗan yi shiru ya jira, ya kuma sake dawowa idan masu jinya sun fita. Mace ta fi sakin jiki da mace, a kula da wannan gwargwadon iko.

Na uku su ne masu jinya. Albarka ce babba da muke da ita, wadda asibitocin Turai ba su da irinta, cewa kusan kowane mara lafiya yana da wani nasa a gefen gado dare da rana. Su ne suke ganin abin da nas ba ta gani ba. Amma sau da yawa da an yi wa mai ciwo tambaya sai mai jinya ya yi caraf ya amsa, har ya ƙara da cewa a rabu da shi, ba ya cikin hayyacinsa. A ji ta bakin mai jinya, amma bayan an ji ta bakin mai jikin. Akwai ma lokacin da saɓanin da ke tsakaninsu yana cikin abin da ya kwantar da shi.

Na huɗu, akwai ranakun da ciwo ya yi tsanani, mutum ba ya gane inda yake, ko yana cikin fushin da magana za ta ƙara hura shi. A irin wannan rana gaisuwa da faɗin suna sun isa. Abin da bai kamata ba shi ne a mai da halin mako na farko ya zama hukuncin dukan zamansa. Taɓin hankali ciwo ne mai hawa da sauka, wanda bai iya magana ranar Litinin ba, ranar Jumma'a yana iya ba da bayanin da zai gyara aikin likita.

Na ƙarshe, ma'aikatan jinya mutane ne, sun kwana a tsaye, wani lokaci biyu ne a kan ɗaki cike. Ba adalci ba ne a ɗora musu sabon aiki ba horo, ba ƙarin hannu. Makarantar koyon aikin jinya ta Katsina da makarantar koyon aikin lafiya ta Daura wurare ne da za a iya shuka wannan ɗabi'a tun ɗalibi bai fara aiki ba. Shugabannin ɗakuna kuma za su iya farawa da kaɗan, misali miƙa aikin rana kaɗai, lokacin da marasa lafiya suke a farke, su ga yadda abin zai tafi kafin su faɗaɗa.

Rabonmu a ciki

'Yan'uwa, yawancinmu ba ma'aikatan asibiti ba ne, amma babu zuriyar da za ta bugi ƙirji ta ce wannan ciwo ba zai shiga gidanta ba. In naka ne aka kwantar, ka san lokutan da ake canjin ma'aikata, ka kasance a kusa. Ka tambayi sunan wanda ya karɓi aiki, cikin ladabi, ka kuma gaya wa mara lafiyan. Kafin lokacin ka zauna da shi, ka taya shi tuna abin da yake so ya faɗa, in ya iya rubutu ya rubuta da hannunsa. In an yi masa tambaya ka kame bakinka ya amsa da kansa. In ka ga wuya ya karkace, ko hannu yana rawa, ko ya kasa zama, ka faɗa nan take, kada kuma ka dakatar masa da magani da kanka.

A cikin ikilisiyoyinmu akwai nas-nas da yawa, maza da mata, suna aiki a asibitocin jihar nan da maƙwabtanta, suna jinyar Musulmi da Kirista ba bambanci. Su ne za su iya kai wannan shawara ga shugabannin ɗakunansu. Mu kuma da muke zuwa ziyarar marasa lafiya, fastoci da masu bishara da Zumuntar Mata, muna da namu irin miƙa aikin. Sau nawa mukan tsaya a bakin ƙofa mu tambayi uwa yadda ɗanta yake, shi kuwa yana zaune yana kallonmu? Sau nawa mukan kai sunan mutum da dukan labarin ciwonsa gaban taron addu'a ba tare da mun nemi yardarsa ba? Addu'a aikinmu ce, ba za mu fasa ba, amma ba ta hana shan magani, ba ta kuma halatta igiya ko mari a ƙafar kowa.

A cikin Markus sura 10 an ba da labarin Bartimawas makaho a bakin hanyar Yariko. Jama'a suna ta kwaɓarsa ya yi shiru. Kowa yana ganin abin da yake damunsa, duk da haka Ubangiji ya tsaya, ya sa aka kira shi, ya tambaye shi abin da yake so kafin ya yi masa kome. Wannan tambaya ita ce ake roƙo a riƙa yi wa mai taɓin hankali sau uku a rana, duk lokacin da wani hannu zai miƙa shi ga wani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa ma'aikatan jinya haƙuri da ƙarfi, ya kuma ba mu kunnen sauraro. Amin.